Giɓin Katangar Inna Haske

"Riƙe nan," in ji Inna Haske. "A'a, ba nan ba, daidai ƙullin. Kada ki saki."

Habsatu ta riƙe bakin igiyar ba tare da ta san abin da ake aunawa ba. Igiyar ɗaurin akuya ce, tsohuwar ta yi mata ƙulli biyu, ɗaya a kowane baki. Suna tsaye ne a lungun da ke kai mutum ƙofar gidan Inna, lungun da in mace ta ɗauko bokiti biyu sai ta bi shi a karkace. A tsakiyarsa akwai kwana, inda bayan shaguna biyu ya kusa haɗuwa, ruwan wanke-wanken masu abinci yana kwance a wurin rani da damina.

Inna ta yi ta ja da baya tana dogara sanda har ta sha kwanar. Igiyar ta miƙe, sannan ta lanƙwashe a gefen bango.

"Kin gani?" Muryarta ta fito daga bayan kwanar. "Igiya ta lanƙwasa. To makara ba ta lanƙwasawa."

"Haba Inna! Mi ya kawo wanga zance da sassahe?"

"Ladan na sa ya auno mini makarar masallaci. Kamu huɗu da ɗani, kuma ta ƙarhe." Ta dawo tana naɗe igiyar a hannu, tana haki kaɗan-kaɗan. "Ke dai gaya mini gaskiya, ɗiyata. In kunka tashi, Alhaji Baƙo toshe giɓin zai yi?"

Giɓin nan yana da tarihi. Da can gidan su Inna yana da babbar ƙofa mai kallon kasuwar Filinge. Da aka raba gado, gaban gidan ya faɗa hannun Lawali, ɗan ƙanen mijinta, ya jera shaguna ya bar musu wannan lungu. Ba wanda ya tuna da makara sai ranar da mijin Inna ya rasu, shekara tara da suka wuce. Maza suka kawo ta, ta ƙi shan kwana. Ibrah, mijin Habsatu, shi ya ɗauko diga ya fasa katangar laka da ke tsakanin gidansu da na Inna, aka fitar da Malam ta tsakar gidansu, ta ƙofarsu mai faɗi. An ce za a gyara bayan sadakar arba'in. Ba a gyara ba. Aka rataya tsohon buhu ya zama labule. Ta nan garwashi yake wucewa, da gishiri, da kwanon tuwo, ta nan kuma ƴaƴan Habsatu biyar suke tserewa in an ɗauko musu bulala. Ƴar Inna ɗaya tak tana aure a Agadas, sai ta yi shekara biyu ba ta zo ba.

Yanzu kuwa su Habsatu za su tashi, kuma ita ta nema.

Alhaji Baƙo mai sayen wake ya gina wani gida a sabuwar unguwa, can bayan gari kan hanyar Abala, ɗaki huɗu da tsakar gida mai faɗin gona. Ya rasa mai zama a ciki. Shi kuma abin da yake so shi ne wuri kusa da kasuwa inda zai riƙa tara buhuna. Sai ya kawo maganar musaya, gida da gida. Ibrah tela ne, shagonsa yana bakin kasuwa, in an kira shi cin abinci kafin tuwo ya huce ya iso. Wata biyu suna ja-in-ja.

"Maman Latifa, kin dubi wurin kuwa?" haka yake cewa. "Ba wuta. Pampo guda ga unguwa duka. Yara su yi tahiyar awa kahin su kai lakwal wurin karatu."

"Na duba. Na kuma ƙirga ɗakunan."

"Nan ga masallaci, ga likita, ga kasuwa, ga mutane."

"Ga kuma Latifa tana kwana tsakanin tukwane, budurwa mai shirin jarrabawa. Mu bakwai cikin ɗaki biyu, Baban Latifa. In baƙo ya zo daga Sanam kai ka kwana shago. Ni na gaji da tsallake ƙahwahun mutane kahin in kai bakin ƙohwa."

A ƙarshe ya gaji, aka je meri, ofishin magajin gari, aka sa hannu a takardu. Cikin duk lissafin da Habsatu ta yi, na ruwa da na tafiyar yara da na inda za a sa gado, giɓin bai taɓa faɗo mata a rai ba sai da ta riƙe igiyar nan.

"Zan yi mishi magana, Inna," ta ce.

Tsohuwar ta zauna a kan dakalin ƙofarta. "Ni ba tahiyar nike tsoro ba, wannan kowa da ranarshi. Amma na ga yadda anka yi da Muna mai hura, can bayan mahauta. Lungunta irin wanga. Cikin tabarma anka naɗe ta, anka tsai da ita tsaye kamar kayan aro, wani ya zame, kanta ya bugi bango, ƴan kasuwa na kallo. Shekara saba'in da wani abu ban taɓa hita gida ba mayahi ba. Ina so in hita kwance, yadda Malam ya hita. Shi ke nan abin da nike so."

Da la'asar Habsatu ta sami Alhaji Baƙo a rumfarsa, yana tsoma hannu cikin buhu yana duba ko waken ya bushe. Ya saurare ta har ta gama.

"Matar tela, wurin ajiya da rami a jiki? Awaki su shiga, ɓarayi su shiga. Kuma Allah shi ba tsohuwa tsawon rai, ai ba a zama jiran mutuwar mutum."

"To a sa ƙohwa, Alhaji. Mai hwaɗi. Ka riƙe makulli."

Ya murza ƙwayar wake tsakanin yatsu. Ba mugun mutum ba ne, mai hidima ne kawai. "To. Ƙohwar ƙarhe. Zan gaya wa mai walda."

Ta koma da murna ta gaya wa Inna. Inna ta dube ta ta ce, "Ya ce zai yi, ko ya yi?"

Ranar Juma'a da safe amalanken jaki biyu suka tsaya a ƙofar gida. Inna ta jawo kujerarta ta zauna a cikin giɓin, buhun labulen a ɗage bisa kanta, tana kallon ana fitar da gado da katifu da tukwane.

"Tela!" ta kira Ibrah. "Da rigata za ka gudu? Ka ce bayan sallah, yau sallah uku."

"Inna, hannu guda ya rage."

"To ka ɗinka wa mai hannu guda, ni biyu gare ni."

Kowa ya yi dariya. Habsatu ta fito da taɓarya daga madafi ta miƙa mata. Taɓaryar Inna ce, ta itacen ƙirya, baƙa wuluk don tsufa, mai nauyin da ke farfasa gero da bugu kaɗan. Shekara tara tana yawo tsakanin gidajen biyu.

"Tahi da ita," in ji Inna. "Ni mi zan daka?"

"A'a, Inna. In na bar ta nan ina da dalilin zuwa. Gobe ma ina nan tahe."

"Allah shi kai mu."

Gidan ya yi kyau, wannan ba a musu. Ranar farko yaran suka yi ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki suna ihu don su ji muryarsu ta dawo. Latifa ta sami ɗakinta ita kaɗai, ta jera littattafanta a bakin taga. Habsatu ta tsaya a tsakar gida ta miƙe hannuwa biyu, ba ta taɓa komai ba.

Sai kuma hidima ta taso. Layin pampo yana cinye safiya. Yashi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, a share a sake sharewa. In gishiri ya ƙare ba inda za a leƙa a ce a sam mini, sai a ci miyar haka. Yara suna dawowa daga lakwal da rana tsaka, ƙafafu fari fat, ba su iya ko cire riga sai barci. Masu baburan kabu-kabu ba su son shigowa saboda yashi. Wayarta ma Ibrah ke tafiya da ita shago ya sa mata caji, ya dawo da ita da yamma. Kullum in ta shimfiɗa tabarma sai ta ce gobe za ta je ta gaida Inna, ta ga ko an kafa ƙofar. Ibrah kan ce ya hango Inna, lafiya lau take. Haka aka yi kwana tara.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, da hantsi tana shanya sai ta ji ƙarar babur yana fama da yashi. Ibrah ne a kan babur ɗin aro, ba hula a kansa.

"Ɗauko mayahinki," ya ce. "Inna ta cika."

Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Tun asuba, in ji su. Bintu mai ƙosai ta ga ba ta hito karɓar koko ba, ta shiga ta tarar. Sun yi ta kiran wayarki, tana aljihuna a kashe. Ni ma sai da na isa shago na ji."

Ta hau bayansa. Sun yi nisa, sun wuce filayen da aka kafa wa duwatsun iyaka ba a gina ba, kafin ya sake magana, bai juyo ba.

"Habsu. An toshe giɓin."

"Mi ka ce?"

"Ran Alhamis. Ƙohwar ba ta samu ba, wake kuma ya iso daga ƙauye. Magini ya jera bulo, wai kahin nan."

"Ka sani?"

"Na sani. Na ce bari ƙohwar ta zo tukuna in gaya miki."

Da tana tsohon gida da ƙarar cokalin magini kaɗai ta isa ta fito da ita.

Kasuwa ta cika maƙil, shanu da raƙuma da amalanke da masu tallan goro. A bakin lungun maza sun taru, makarar ƙarfe tana ajiye a gefen hanya, masu wucewa suna kauce mata. Habsatu ta kutsa ta shiga, ta sha kwana, ruwan wanke-wanke ya jiƙa mata gefen zane.

Tsakar gidan Inna cike da mata. An riga an yi wanka, an sa likkafani, tana kwance a ɗaki bisa sabuwar tabarma, ƴar ƙarama kamar yarinya. Habsatu ta durƙusa ta yi mata addu'a, ta daɗe a durƙushe. Da ta fito sai idonta ya sauka a kan katanga. Inda giɓin yake an jera bulo, toka-toka a tsakiyar jar laka. Tsohon buhun yana yashe a ƙasa. Kujerar Inna tana gaban bulon, tana fuskantarsa.

Bintu ta matso kusa da ita. Babbar mace ce, hannuwanta duk tabon mai. "Tun Alhamis nan take wuni," ta ce a hankali. "Ba ta yi faɗa da kowa ba. Jiya da marece ta ce in na gan ki in tambaye ki ko ɗakunan sun ishe ku."

Habsatu ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki.

Sai ga Lawali ya yi sallama ya shigo da maza uku, Ibrah yana biye da su. Lawali yana riƙe da igiya. "Mata, ku ba mu wuri. Za mu naɗe ta cikin tabarma mu hitar, makara na waje."

"Ba ta nan za ta hita ba," in ji Habsatu.

Muryarta ta fito ƙarama, har sai da ya waiga yana neman mai maganar. "To ta ina? Ta sama?"

"Ta inda Malam ya hita."

"Kina ganin an toshe. Katangar mutane ta, da kayan mutane a bayanta. Baiwar Allah, gawa ba ta san hanyar da anka bi da ita ba. Rana na yi, liman shina jira."

"Ta sani tun tana da rai. Da igiya ta auna lungunka, ni na riƙe mata baki guda."

Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Gaskiya ta, mun gan su." Lawali ya dubi Ibrah, irin kallon nan na ka tsawata wa matarka. Ibrah ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Taɓaryar tana jingine a bakin madafi, inda aka ajiye ta tun ranar Juma'ar. Habsatu ta cire mayafi ta ɗaura shi a ƙugu, ta ɗauko ta. Ta ture kujerar gefe da ƙafa. Bugun farko ya dawo mata har kafaɗa, bulon bai motsa ba.

"Ke! Kin haukace?" in ji Lawali.

Ta sake bugawa. A na uku wani siririn layi ya buɗe a gefe, inda siminti ya haɗu da laka, don siminti ba ya kama tsohuwar laka da kyau, magini kuma ya yi aikin gaggawa. Bintu ta dubi layin, ta fita da sauri, ta dawo da tata taɓaryar. Ta tsaya a ɗaya gefen. Ba su yi shawara ba, hannu ne ya san aikinsa: in wannan ta ɗaga waccan ta sauke, kamar suna lugude a turmi guda. Dum, dum, dum, dum. Matan da ke kuka suka yi tsit. Ƙura ta tashi. Bulon sama ya karkace, ya faɗa ciki da wata ƙara maras amo, a kan buhu. Na biyu ya bi shi. Nan Ibrah ya naɗe hannun riga ya shiga tsakaninsu yana ciro sauran da hannu, ɗaya daga cikin mazan Lawali ya kama masa.

Ta cikin ƙurar Habsatu ta hango tsohuwar tsakar gidanta. Buhunan wake sun cika ta har tsayin mutum. Ƙusar da take ɗaura igiyar shanya tana nan. A jikin bango ga lissafin da yara suka rubuta da alli, ba a goge ba.

Aka ji ana taɓa kwado a ƙofar waje. Ƙofar ta buɗe, Alhaji Baƙo ya shigo ta tsakanin buhuna, makulli a hannu, gumi a goshi. Labari ya riga ya kai masa a rumfa. Ya tsaya yana kallon bulon da ya zube a kan kayansa, wani buhu ya fashe wake yana tsiyaya.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ta, Alhaji." Taɓaryar tana hannunta har yanzu. "Ka ce ƙohwa."

Ya dube ta. Ya dubi kujerar da ke kife a gefe, ya dubi ƙofar ɗakin Inna da aka sakar wa labule. Wake yana ta zuba, ana jin ƙararsa.

"Na ce," ya amsa.

Ya sa makullin a aljihu, ya tattara babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya kama kunnen buhun da ke gabansa ya ja shi gefe. "Tela, kama mini. Lawali, ce musu su zagayo da makarar ta nan."

Ba a daɗe ba hanya ta buɗe tsakanin buhuna, daga giɓin har ƙofar waje. Makarar ta shigo a miƙe, ba ta taɓa bango ba. Aka ɗora Inna, aka lulluɓe ta da baƙin zanenta na zuwa biki, maza huɗu suka ɗaga. Alhaji Baƙo yana riƙe da kusurwar gaba ta dama, Ibrah yana bayansa. Suka tsallake ɓaraguzan bulo a hankali, suna taka wake. Ta wuce ta inda garwashi yake wucewa, ta wuce bakin madafin Habsatu, ta fita ta babbar ƙofa a kwance, ko karkacewa ba ta yi ba. Ƴan kasuwa suka buɗe hanya, wasu suka bar kayansu suka bi baya.

Mata ba su bi ba. Habsatu ta tsaya daidai inda murhunta yake da, tana kallo har taron ya shige cikin kasuwa. Sannan ta nemi tsintsiya ta fara tattara waken Alhaji.

Ta yi zaman makoki kwana uku a gidan Inna. Ƴar Inna ta iso daga Agadas ran Litinin da yamma. Ƙofar ƙarfen ta iso ran Talata a kan amalanke, sabuwa, an shafa mata shuɗin fenti. Aka jingine ta a bango, ba wanda ya ce a kafa ta.

Bayan an watse daga sadaka, ƴar Inna ta miƙa wa Habsatu taɓaryar ta ce ba ta da yadda za ta kai ta Agadas. Habsatu ta saɓa ta a kafaɗa ta kama hanya a ƙasa. Ta wuce lakwal, ta wuce gidajen ƙarshe na gari, ta shiga yashi. Rana ta yi sanyi kafin ta iso.

Gidan yana nan da faɗinsa. Latifa tana ɗakinta tana karatu, ta rufo ƙofa. Ƙananan sun jawo tabarmunsu duka sun haɗa a ɗaki guda, ɗaki biyu suna buɗe ba kowa. Habsatu ta zagaya tsakar gidan tana neman inda za ta ajiye taɓaryar. Katangar sabuwa ce, doguwa, an shafe ta sumul ta kowane ɓangare. Ta je ta gefen gabas, gefen da gidan Inna yake a can tsohuwar unguwa, ta jingine ta a nan. Ta ɗan tsaya, hannunta a kan bangon, simintin da sauran ɗumin rana a jikinsa. A bayansa fili ne da ba a gina ba, iska tana kaɗa ganyen tumfafiya.